Ganyen taba

Taba wani tsiro ne da ake nomawa domin ganyensa, wanda ake busarwa a sha hayaƙinsa, ko a daka shi gari a shaƙa a hanci, ko a sa a baki. Sunansa na kimiyya Nicotiana, kuma dangin tumatir ne da barkono da gauta da dankalin Turawa. Nau'i biyu aka fi nomawa a duniya. Na farko shi ne Nicotiana tabacum, mai tsayi da faffaɗan ganye, wanda da shi ake yin kusan dukkan sigarin kanti. Na biyu shi ne Nicotiana rustica, gajere mai kaurin ganye, wanda ya fi na farkon yawan sinadarin nikotin. Darajar ganyen taba a kasuwa ta dogara ne ga ƙasar da aka shuka shi, da matsayin ganyen a jikin kara, da yadda aka busar da shi, da kuma tsawon lokacin da ya yi a ajiye. Waɗannan abubuwa ne suka raba ganyen da ake sayarwa a tire a kasuwannin ƙauye na kudancin Katsina da ganyen da ake naɗe sigaro mai tsada da shi a Kuba, ko da yake asalin tsiron ɗaya ne.

Asalin kalma

Kalmar taba ararriya ce. Ta shigo Hausa tare da tsiron, kuma tana da kama da sunansa a harsuna da dama, kamar tabako a Sifaniyanci da tibg a Larabci. Masu koyon rubutun Hausa kan rikita ta da taɓa, wato kai hannu ga abu, alhali ɓ mai lanƙwasa ce ta raba su. Bahaushe yana cewa shan taba, kamar yadda yake cewa shan ruwa ko shan iska, Larabawa ma da fi'ilin sha suke faɗar haka. Akwai kuma busa taba da zuƙar taba. Sigari shi ne ƙaramin kara da aka naɗe da takarda, ana sayar da shi a kwali. Taba gari ita ce dakakkiya, wadda tsofaffi kan zuba a batta. Lofe ko tukunyar taba shi ne abin da ake cusa ganyen a ciki a kunna. Tabar wiwi kuwa ba taba ba ce, wani tsiro ne dabam da ya ari sunan.

Kalmar fure ma tana da alaƙa da wannan tsiro. A tsohuwar Hausa, idan aka ce fure kawai, sau da yawa furen taba ake nufi, wanda mata kan goga a haƙora, musamman tare da goro, domin su yi ja. Akwai karin maganar da ke cewa taba ta bambanta da garin gero, ana yin ta ne a kan abubuwa biyu da suka yi kama a ido amma amfaninsu ba ɗaya ba.

Tarihi

Asalin taba nahiyar Amurka ne, inda mutanen can suka daɗe suna amfani da ita a bukukuwa da magani. Turawa sun fara ganinta a shekarar 1492, lokacin da mutanen Kolumbus suka tarar da mazauna tsibirin Kuba suna kunna naɗaɗɗen ganye suna zuƙar hayaƙinsa. Wajen shekarar 1560 jakadan Faransa a Fotugal, Jean Nicot, ya aika da ita fadar ƙasarsa a matsayin magani, kuma daga sunansa aka samo sunan tsiron na kimiyya da na sinadarin nikotin. Wasu masana biyu a Jamus, Posselt da Reimann, su ne suka fara ware nikotin daga ganyen a shekarar 1828.

Taba ta iso Afirka ta Yamma ta hanyoyi biyu, ta bakin teku a hannun 'yan kasuwar Fotugal, da kuma ta hamadar Sahara. Tun isowarta malamai suka yi saɓani a kanta. Shehin malamin nan na Tumbuktu, Ahmad Baba, ya rubuta fatawa a farkon ƙarni na 17 yana ganin halaccinta, wasu malaman zamaninsa kuma suka hana. A Daular Usmaniyya Sarki Murad na huɗu ya haramta shan ta a 1633 tare da hukunci mai tsanani, amma hanin bai daɗe ba bayan rasuwarsa.

A ƙasar Hausa, Katsina ta yi suna da taba tun kafin zuwan Turawan mulkin mallaka. Baturen nan ɗan Jamus Heinrich Barth, da ya sauka Katsina a farkon 1853 a hanyarsa ta zuwa Sakkwato da Tumbuktu, ya sayi tabar Katsina cikin kayan tafiyarsa, ya kuma rubuta cewa ana ganin darajarta har a Tumbuktu, garin da ake kawo wa taba mai kyau daga kudancin Maroko. Kafin shi, Hugh Clapperton da ya ziyarci Kano a 1824 ya lura da yadda maza da mata ke rina haƙora da leɓe da furen taba. Bayan fiye da shekara 100, masaniyar tattalin arziki Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da birnin Katsina, ta tarar har lokacin taba na cikin amfanin gonar da manoma ke samun kuɗi da shi, kamar yadda ta bayyana a littafinta na 1972.

Noma

Ƙwayar irin taba ƙanana ce ƙwarai, giram ɗaya kan ɗauki ƙwaya wajen 10,000. Saboda haka ba a shuka ta kai tsaye a gona. Ana gauraya irin da toka ko yashi a yafa a fangali, a yi ta ban ruwa har tsawon mako 6 zuwa 8, sannan a cire a dasa. Tsiron kan kai tsayin mita 1 zuwa 2. Idan ya fara fitar da fure sai manomi ya fille kan, ya kuma riƙa cire tohon da ke fitowa a hammatar ganye, domin abincin tsiron ya tafi ga ganyen maimakon iri. Wannan aiki yana ƙara wa ganyen kauri da ƙarfi. Nikotin a saiwa ake haɗa shi, daga nan yake hawa ya taru a ganye, kuma fille kai yana ƙara yawansa.

Taba tana cin ƙasa, tana kuma buƙatar taki mai yawa, shi ya sa a ƙauyukan Hausa aka fi shuka ta a gonakin da ke kusa da gari inda ake zuba takin gida, ko a bakin fadama. Sinadarin fotasiyam a ƙasa yana sa ganye ya ci wuta daidai ya ba da farar toka. Gishiri kuwa, idan ya yi yawa a ƙasa ko a ruwan ban ruwa, yana sa ganyen ya riƙa mutuwa bayan an kunna.

Ganyen ba ya nuna lokaci guda. Daga ƙasa yake farawa ya yi sama. Manomin da ke neman inganci yakan tsinke ganye biyu ko uku a kowane zagaye, ya bar sauran su ƙarasa, aikin da kan ɗauki makonni. Mai gaggawa kuma yakan sare karan gaba ɗaya, sai ya samu ganyen da ya wuce nuna da wanda bai kai ba a dami guda.

Busarwa

A nan ne ganye mai kyau ke tabbata ko ya lalace. Busar da taba ba fitar da ruwa ba ne kawai. Ana so ganyen ya mutu a hankali, korensa ya gushe ya koma rawaya sannan ruwan ƙasa, sitacin da ke cikinsa ya narke. Hanyoyi huɗu aka sani. Akwai busarwa a inuwa, inda ake rataye ganyen a rumfa iska na ratsa shi har mako 4 zuwa 8, ganyen ya fito da ƙarancin sukari da yawan nikotin. Akwai busarwa da zafin bututu a rufaffen ɗaki, wadda ke ɗaukar kamar mako guda, tana fitar da ganye rawaya mai zaƙi, irin wanda ake kira Bajiniya, amma tana cinye itacen wuta mai yawa. Akwai busarwa da hayaƙin wuta, wadda ke sa wa ganye duhu da ƙauri. Sai kuma shanya a rana.

Bayan bushewa, ganyen da za a yi sigaro da shi sai an tara shi a jibge, an yayyafa masa ruwa kaɗan, a bar shi ya ɗauki zafi da kansa. Idan cikin tarin ya kai kimanin digiri 40 zuwa 50 sai a wargaza a sake jibgewa, na ciki ya koma waje. A wannan mataki ne warin amoniya ke fita, ɗacin ya ragu, ƙamshi ya fito. Bahaushen da ya san yadda ake rufe kalwa ta kwana kafin ta zama daddawa ba zai yi mamakin wannan ba, domin dabarar ta yi kama. Daga nan sai a ɗaure ganyen a ajiye shekara 1 zuwa 3, wani ma fiye.

Sigaro da abin da ake nufi da mai ƙarfi

Sigaro, daga kalmar Sifaniyanci, ƙatuwar taba ce da aka naɗe da ganyen taba zalla, babu takarda babu audugar tacewa. Mai tsadar da hannu ake naɗa shi, kuma sassa uku gare shi: cikon da ke tsakiya, ganyen da ke ɗaure cikon, da ganyen waje wanda shi ne rigar. Ganyen riga ya fi kowanne tsada, domin dole ya kasance mai laushi, mai ɗan maiƙo, marar huji, marar manyan jijiyoyi. Wani akan noma shi a ƙarƙashin rumfar yadi don kada rana ta sa ya yi kauri. Launinsa kan tashi daga fari-fari, wanda ake kira kilaro, zuwa ja-ja, wato kolorado, zuwa mai duhu da ake kira maduro. Mutane da yawa na ɗauka cewa duhun riga shi ne ƙarfi, amma ba haka ba ne. Maduro sau da yawa ya fi zaƙi saboda ya daɗe a jibge. Ƙarfin yana cikin ciko.

Masu naɗi a Kuba sun raba ganyen ciko gwargwadon matsayinsa a kara. Na ƙasa sunansa bolado, ba shi da ɗanɗano sosai, amma shi ke sa wuta ta ci. Na tsakiya seko, shi ke ba da ƙamshi. Na sama lihero, wanda ya fi shan rana ya kuma fi daɗewa a kara, shi ne mai kauri da duhu da yawan nikotin, yana kuma ci a hankali, don haka a can tsakiyar naɗin ake sa shi. Sigaron da ake kira mai ƙarfi shi ne wanda lihero ya yi yawa a cikinsa. Gwanintar mai haɗawa ita ce ya sa isasshe ba tare da naɗin ya riƙa mutuwa ko ya shaƙe mai sha ba.

Masu ɗanɗanawa suna raba abubuwa uku da mutane kan cakuɗa. Ƙarfi shi ne yadda nikotin ke bugun jiki, har ya iya sa wanda bai saba ba jiri da zufa da tashin zuciya. Kauri shi ne nauyin hayaƙin a baki, kamar bambancin koko da kunun gyaɗa. Ɗanɗano kuwa shi ne abin da harshe da hanci ke ji, wanda sukan kwatanta da barkono, ko fata, ko gahawa, ko ƙasar da ruwan farko ya jiƙa. Sigaro na iya zama mai kauri ba tare da ƙarfi mai yawa ba, haka kuma akasin hakan. Hausa ba ta rasa kalmomin wannan fage ba, har ma ta fi wasu harsuna rarrabewa. Yaji dabam, ɗaci dabam, bauri irin na goro dabam. Garɗi irin na soyayyar gyaɗa abin so ne a ganye, gafi kuwa alamar ɗanyen ganye ce da bai daɗe a ajiye ba, maƙaƙi a maƙogwaro kuma yakan nuna amoniya ba ta gama fita ba.

Ana kuma duba aikin hannu. Naɗin da ya matse da yawa ba ya zuƙuwa, wanda ya yi sako-sako kuma yakan ci da sauri ya yi zafi ya yi ɗaci. Ana so wutar ta ci a zagaye daidai, tokar ta tsaya ba ta zuba da wuri ba. Ana auna kauri da kashi 64 na inci, don haka naɗin da ake kira robusto, mai tsawon inci 5 da kauri 50, bai kai inci ɗaya a faɗi ba. Ajiyarsa sai a akwati na musamman mai laima kimanin kashi 70 cikin 100. Idan ya bushe rigar ta tsage, idan laima ta yi yawa ya yi fumfuna, idan zafi ya yi yawa ƙwaron taba ya ƙyanƙyashe ya huda shi.

Yankin Vuelta Abajo a lardin Pinar del Río na yammacin Kuba shi ne ya fi suna da wannan ganye, kuma Partagás, da aka kafa a Habana a 1845, da Bolívar suna cikin sunayen da aka sani da ƙarfi. Bayan juyin juya halin Kuba da takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba mata a 1962, masu sana'ar da dama sun yi ƙaura da irinsu zuwa Jamhuriyar Dominikan da Honduras da Nikaraguwa, inda ganyen garin Estelí ya yi fice da yaji. Afirka ma tana da nata kaso. Ganyen riga da ake nomawa a gabashin Kamaru da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, daga irin da asalinsa na Sumatra ne, yana cikin waɗanda ake ji da su a duniya, kuma kamfanin Arturo Fuente na amfani da shi a wasu naɗe-naɗensa.

Taba a kudancin Katsina

Yankin Funtua da Malumfashi, wanda ya haɗa da Bakori da Ɗanja da Ɗandume da Faskari da Ƙafur da Ƙanƙara, shi ne ɓangaren jihar Katsina da ya fi samun ruwan sama, kimanin milimita 1,000 a shekara, ƙasarsa kuma ta fi ta arewacin jihar nauyi. An fi saninsa da auduga da masara da dawa da waken suya, da rake da tumatir a fadamu. Auduga ce ta ja hankalin Turawa can, suka kafa injinan gurza a Funtua da Malumfashi, layin dogo daga Zariya kuma ya ratsa Funtua ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Shirin bunƙasa aikin gona na Funtua da Bankin Duniya ya tallafa a 1975 ma a kan hatsi da auduga ya fi mai da hankali. Taba ba ta taɓa zama babban amfanin gonar yankin ba, ta tsaya ne a matsayin shukar ƙananan filaye.

Kasuwar kamfani ta zo ne daga maƙwabta. Kamfanin British American Tobacco ya buɗe masana'anta a Ibadan a 1937, aka kafa Nigerian Tobacco Company a 1951, wanda ya buɗe masana'antar Zariya a 1959. Kamfanin ya ƙarfafa noman ganyen da ake busarwa da zafin bututu a arewacin Oyo, a arewa kuma ya riƙa sayen wanda aka busar a inuwa, musamman daga lardunan Zariya da Sakkwato. Tsarinsa shi ne ya ba manomi iri da shawara, sannan ya saya da sikeli bisa daraja-daraja. Mai sayen ɗaya ne, shi ne kuma ke yanke darajar ganyen, don haka manomin da ganyensa ya bushe da kore ko ya karye ba shi da inda zai kai ƙara. A shekarar 2000 kamfanin ya narke cikin British American Tobacco, wanda ya buɗe sabuwar masana'anta a Ibadan a 2003.

Yanayin yankin ya bayyana dalilin da ya sa ganyensa ya dace da taba gari da lofe fiye da sigaro. Girbi yakan zo ne daf da hunturu, lokacin da laimar iska ke faɗuwa ƙasa da kashi 20 cikin 100. Ganyen da aka rataye a irin wannan iska yakan bushe cikin 'yan kwanaki kafin ya gama sauya launi, ya zama mai karyewa da gafi. Ganyen sigaro kuwa yana son makonni a iska mai laima. Mai yin taba gari ba ruwansa da laushin ganye ko kyawun launinsa, ƙarfi yake nema. Yakan daka busasshen ganyen ya haɗa da kanwa, wadda ke sa nikotin ya fi saurin shiga jini ta hanci ko ta dasashi. Abin lura shi ne hayaƙin sigaro ma ta wannan hanyar yake aiki, domin yanayinsa ya karkata ga na kanwa, nikotin ɗinsa na ratsa fatar baki ko da mai sha bai haɗiye hayaƙin ba.

Illa ga lafiya

Tsadar ganye da kyawun naɗi ba sa rage cutarwarsa. Babban sigaro ɗaya na ɗauke da giram 5 zuwa 20 na taba, nikotin ɗinsa kuma na iya kaiwa na kwalin sigari guda. Shan sa na jawo sankarar baki da maƙogwaro da maƙoshi, da ta huhu da ciwon zuciya musamman ga masu haɗiye hayaƙin. Jibgewar da ke ba ganyen ƙamshi ita ce kuma ke ƙara masa wasu sinadarai masu haddasa sankara. Taba gari ma ba ta tsira ba, hukumar binciken sankara ta duniya ta sa tabar da ba a kunnawa cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe fiye da mutum miliyan 7 a kowace shekara, ciki har da waɗanda ba sa sha amma suna shaƙar hayaƙin wasu.

Manoma na da nasu haɗarin. Tsinkar ganye mai raɓa da hannu tsirara na sa nikotin ya ratsa fata, ya kawo amai da ciwon kai da jiri. Yara sun fi saurin kamuwa saboda ƙanƙantar jikinsu. Safar hannu da riga mai dogon hannu, da jiran raɓa ta bushe kafin a shiga gona, suna rage wannan.

Doka

Najeriya ta fara taƙaita shan taba a wuraren taruwar jama'a da dokar soja ta 1990. Ta amince da yarjejeniyar taƙaita taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya a 2005, sannan Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar taƙaita taba ta ƙasa a watan Mayun 2015, majalisa kuma ta amince da ƙa'idojin aiwatar da ita a 2019. Dokar ta hana sayar da taba ga wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana tallata ta, ta wajabta hoton gargaɗi a jikin kwali. Ta kuma ce kada a sayar da sigari sai a kwali mai kara 20, tabar da ba a kunnawa kuma kada ƙunshinta ya gaza giram 30. Sai dai a tashoshin mota da teburan masu shayi har yanzu kara ɗaiɗai ake saya, taba gari kuma da ɗan cokali ake auna ta a ƙulle a leda.